TSARGUWA DA FARGABA A WASAN GOLF

Gabatarwa

Akwai wani hali da kan sami mutum sa'ad da ya tsaya gaban jama'a domin ya aikata abin da ya san ya iya: sai ya ji hannunsa ya ƙi bin umarninsa, harshensa ya yi nauyi, abin da ya saba yi ba tare da tunani ba ya koma masa kamar yau ya fara ganinsa. Yakan sami ɗalibi ranar da zai kare kundinsa gaban malamai, yakan kuma sami mai jan baƙi a daren farko na tafsiri. A wannan maƙala za mu duba shi ta fuskar wasan golf, domin da wuya a sami wasan da ya kai shi tona asirin wannan hali, kuma masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da mai da shi kamar ɗakin gwajinsu a kan wannan batu.

Ga wanda bai san wasan ba, asalinsa daga ƙasar Sikotlan ne, inda aka sami ambatonsa a rubuce tun 1457, sa'ad da majalisar Sarki James na Biyu ta hana shi saboda yana shagaltar da maza daga koyon harbi da baka. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo shi ƙasar nan, a yau kuwa akwai filayensa a Kano da Kaduna da Jos da Abuja da Legas da sauransu. Cikakken fili yana da ramuka 18. Kowane rami yana da dandamalin da ake fara bugu daga kansa, da kuma wata farfajiya mai laushi da ta kewaye ramin, inda ake mirgina ƙwallo a hankali har ya faɗa. Faɗin ramin inci huɗu da kwata ne kacal. An yanke wa kowane rami ƙa'idar bugun da ake sa ran gwani zai yi, galibi uku ko huɗu ko biyar, kuma wanda ya gama zagayen da mafi ƙarancin bugu shi ya ci.

Kalmomin da suka shafi batun

Ya kamata mu fara da rarrabe kalmomi, gama Hausa ba ta haɗa waɗannan halaye a kwando ɗaya ba. Tsoro yana da abin da ake tsoro a sarari, kamar kura ko ɗan fashi. Fargaba kuwa faɗuwar gaba ce a kan abin da bai riga ya auku ba, watakila ma ba zai auku ba. Kunya hali ce da Bahaushe yake yabo, har A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa ta cikin siffofin mutumin kirki a laccarsa da aka buga a 1974. Ita ce ke hana ɗa ɗaga murya gaban mahaifinsa, ita ce ke sa suruki ya kauce wa surukinsa a hanya. Wannan kunyar ba ta cikin abin da muke neman magani.

Kalma ta huɗu ita ce tsarguwa, kuma a kanta ne yawancin maganarmu za ta tsaya. Mutum yakan tsargu idan ya ji ido na kansa, har ya daina kallon abin da ke gabansa ya koma kallon kansa da idon waɗansu. A dubi baƙon da ya shigo taron ɗaurin aure a makare, kowa na zaune shi kaɗai ke tsaye. Tun yana ɗan shekara biyu yake tafiya, amma a wannan taku goma sai tafiyar ta gagare shi, ya rasa inda zai sa hannuwansa, wani ma har ya yi tuntuɓe da gefen tabarma. Ƙafafunsa ba su manta tafiya ba. Hankalinsa ne ya shiga aikin da ba nasa ba.

A ganina, yawancin masu koyon golf sukan ɓata ƙarfinsu wajen yaƙi da fargaba, alhali ita ba ta barin mutum ko da ya zama zakaran duniya, kuma sau da yawa ba ita ke ɓata bugu ba. Tsarguwa ce ke ɓata shi, ita ce kuma ke da magani.

Abin da ya sa golf ya fi sauran wasanni

A wasan ƙwallon ƙafa ko dambe, abokin karawa ba ya ba ka sararin tunani. Ƙwallo na zuwa da gudu, ko ka tare ko ya wuce. A golf ƙwallon yana zaune wuri ɗaya yana jiranka, babu mai tare ka, babu mai tura ka. Kai ne za ka yanke lokacin da za ka ɗaga sanda. Bugu ɗaya bai kai daƙiƙa biyu ba. Idan mutum ya yi bugu 90 a zagaye guda, wanda adadi ne mai kyau ga mai wasan nishaɗi, aikin hannunsa duka bai wuce minti uku ba, ga shi kuwa zagayen yakan ci sa'a huɗu. Duk sauran lokacin tafiya ce da jira da saƙe-saƙen zuci.

Har wa yau ladabin wasan ya tanadi cewa idan ɗaya zai buga, sauran su tsaya cik, su yi shiru. Manufar ita ce a girmama shi, amma ga wanda ya tsargu babu abin da ya fi wannan shirun nauyi. Daɗin daɗawa, dandamalin rami na farko a yawancin filaye yana dab da gidan kulob, inda masu jiran layi da masu shan iska suke zaune. Watau bugun da mutum zai yi jikinsa bai warware ba shi ne wanda ya fi yawan 'yan kallo. Masu iya magana sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Filin golf ya haɗa biyun: ga itatuwa da tafkuna da kwarin yashi masu haɗiye ƙwallo, ga kuma idon sani.

Akwai wani abu kuma da ya shafi irin mutanen da kan shiga wasan a wurinmu. Da yawa sukan fara shi ne da girmansu, bayan sun kai wani matsayi a aiki ko kasuwanci, sun manta rabon da a gan su suna koyon wani abu. Sai ga babban mutum ya kai wa ƙwallo duka ya sami iska, a gaban yaron da ke ɗauke masa jakar sanduna, wanda sau da yawa ya fi shi iya wasan nesa ba kusa ba. Irin wannan mutum girmansa yake karewa sa'ad da yake riƙe da sanda, ramin kuwa ya daɗe da fita daga ransa.

Aikin fargaba a jiki

Idan mutum ya hango abin da zai iya kunyata shi, jikinsa yakan ɗauki matakin da zai ɗauka da kura ya hango. Wasu ƙananan halittu da ke bisa ƙoda sukan saki sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarta ya koma saman ƙirji, tafin hannu ya yi gumi, baki ya bushe, tsokoki su ɗaure. Duk wannan shiri ne na gudu ko kokawa. Yana ƙara ƙarfi, shi ya sa gwanaye suka san cewa a ramukan ƙarshe na gasa ƙwallo yakan wuce inda suka saba kai shi, har sukan zaɓi sanda mai gajeren zango saboda haka. Abin da yake ragewa shi ne laushin hannu da ake bukata wajen mirgina ƙwallo taku biyu.

Tun 1908 Robert Yerkes da John Dodson suka yi wani gwaji da ɓeraye a Amurka, wanda daga baya masana suka gina wata ƙa'ida a kansa: tashin hankali kaɗan yana kaifafa aiki, idan ya yi yawa sai ya ɓata shi, kuma aiki mai wuya ya fi saurin ɓaci. Abin lura a nan shi ne kashin farko na maganar. Wanda gabansa bai faɗi ko kaɗan ba, sau da yawa sakaci ke kama shi.

Yadda tsarguwa ke kwance ƙwarewa

A 1965 Robert Zajonc ya yi bayanin cewa kasancewar 'yan kallo takan ƙarfafa abin da ya riga ya zama jiki ga mutum, ta kuma dagula abin da bai zauna ba. Wannan ya bayyana halin sabon shiga. Amma me zai sa gwani, wanda abin ya zama masa jiki, shi ma ya rikice? Roy Baumeister ya amsa a 1984 cewa matsi yakan sa mutum ya juyo da hankalinsa kan yadda yake yin abin, alhali sanin yadda ake yin ba ya zaune a sashen hankalin da ke magana da lissafi.

Sian Beilock da Thomas Carr sun bi diddigin wannan a Jami'ar Jihar Michigan, da bugun mirgine na golf. A rahotonsu na 2001 sun nuna cewa gwanaye sun fi sababbi iya bayyana yadda ake bugu gaba ɗaya, amma idan aka ce su faɗi dalla-dalla yadda suka yi bugun da suka gama yanzu, sai su kasa tuna da yawa, domin hankalinsu bai halarci wurin ba. A wani gwajin na 2002 aka sa gwanaye su yi bugu suna sauraren wani sauti da aka ce su kama, sa'an nan aka sa su yi suna lura da lokacin da kan sanda zai tsaya bayan bugu. Sun fi dacewa a lokacin da aka ɗauke musu hankali. A 2004 aka ga akasin haka ga sababbi, waɗanda lura da motsin ke taimaka wa, aka kuma ga cewa gwani ya fi dacewa idan aka ce ya yi sauri bisa ga idan aka ce ya ɗauki duk lokacin da yake so.

Dalilin a fili yake idan aka yi tunani. Mai koyo yakan koyi bugu gaɓa-gaɓa: ga yadda ake riƙo, ga yadda ake tsayuwa, ga yadda kafaɗa ke juyawa. Da yau da gobe sai gaɓoɓin su narke su zama motsi ɗaya. Sa'ad da tsarguwa ta zo, sai hankali ya ce bari ya duba ko komai na tafiya daidai, ya sake yanyanka motsin zuwa gaɓoɓinsa na dā. Kowace mahaɗa kuwa ƙofa ce ta kuskure. Kamar mahaddacin da aka tsayar a tsakiyar aya aka tambaye shi kalmar da ke biye. Sai ya koma farko kafin bakinsa ya kamo ta.

Richard Masters ya gwada wannan ta wata hanya mai ban sha'awa a Ingila a 1992. Ya koya wa waɗansu sababbi bugun mirgine da rubutattun ƙa'idoji, waɗansu kuma ya sa su yi ta bugu suna ambaton haruffa barkatai, don kada hankalinsu ya sami sararin ƙirƙiro wa kansa ƙa'idoji. Kashi na biyun sun fi jinkirin koyo. Amma da aka kawo matsi, aka ce za a auna su kuma akwai kuɗi a ciki, su suka ci gaba da gyaruwa, masu ƙa'idoji kuwa ci gabansu ya tsaya. Ba su da abin da za su koma su tona, shi ya cece su.

Wani tarkon shi ne kalmar "kada". A 1998 Daniel Wegner da abokan aikinsa suka sa mutane su mirgina ƙwallo zuwa wata alama, aka gargaɗe su musamman kada su wuce ta. Waɗanda aka ɗora wa riƙe wata doguwar lamba a ka sun fi wuce alamar. Bayanin Wegner shi ne, domin mutum ya guji abu, dole wani sashe na hankalinsa ya yi ta leƙen abin, idan kuwa hankali ya yi nauyi sai leƙen ya rinjayi gujewar. Mai wasan da ya tsaya yana ce wa kansa kada ya jefa cikin tafki, tafkin ne hoto na ƙarshe da ya ba hannunsa.

Labarin Doug Sanders ya isa misali. A gasar Open ta 1970 a St Andrews, ya zo ramin ƙarshe yana bukatar bugu huɗu ya ci kofin. Na huɗun bai fi ƙafa uku ba, irin wanda ya jefa sau dubbai. Ya daɗe a tsaye kan ƙwallon, sa'an nan ya sunkuya ya ɗauke wani abu da ya gani a kan hanyar ƙwallon, ya koma tsayuwarsa ba tare da ya ja baya ya sake shiri ba. Ƙwallon ya bi ta daman ramin ya wuce. Washegari Jack Nicklaus ya doke shi da bugu ɗaya a wasan raba gardama. Sanders ya ci gasa 20 a manyan wasannin Amurka, amma har ya rasu a 2020 bai ɗauki ɗaya daga cikin manyan kofuna huɗu ba.

Hanyoyin shawo kan matsalar

Abu na farko shi ne mutum ya gyara lissafinsa game da idon jama'a, domin lissafin yakan yi yawa. A 2000 Thomas Gilovich da abokansa a Jami'ar Cornell suka sa ɗalibai su sa riga mai hoton wani mawaƙi da samari ke jin kunyar a gan su da shi, su shiga ɗakin da waɗansu ɗalibai ke zaune. Masu rigar sun zaci kusan rabin mutanen ɗakin sun lura. Waɗanda suka lura ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Haka abin yake a dandamalin farko: mutanen da ke jiran layi, kowa bugun da zai yi ne a ransa, kuma babu ɗayansu da bai taɓa kai duka ya sami iska ba. Abin da 'yan wasa ba sa yafewa shi ne jan lokaci. Dokokin da suka fara aiki a 2019 sun shawarci kowa ya yi bugunsa cikin daƙiƙa 40. Wanda ya buga mummuna ya wuce da sauri, za a sake gayyatarsa. Wanda ya tsaya gwaji sau shida kafin kowane bugu, ko ya iya, sai a riƙa kauce masa.

Sai dai sanin wannan kawai ba ya isa, gama zuciya ba ta jin hujja sa'ad da take bugawa. Ba a iya ce wa hankali ya yi shiru ya yi. Abin da ake iyawa shi ne a ba shi wani aikin, a wajen jiki. Gabriele Wulf da abokan aikinta sun nuna a 1999 cewa masu koyon da aka ce su lura da lilon kan sanda sun fi waɗanda aka ce su lura da lilon hannuwansu dacewa, alhali motsin ɗaya ne. Tazarar da ke tsakanin hannu da kan sanda ba ta fi taku guda ba, amma ta isa ta fitar da hankali daga jiki. Ga wanda ya ƙware, gara ma ya tura shi can nesa: reshen wata bishiya, ko wani tabo a ciyawa da yake so ƙwallo ya bi ta kai. Gwargwadon ƙanƙantar abin da aka nufa, gwargwadon yadda yake cika hankali. Wannan ne kuma maganin "kada", domin wanda ya ce reshen can yake nufi bai ambaci tafki ba.

Ido ma yana da nasa aikin. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada ta auna motsin idon masu bugun mirgine a 1992, ta ga cewa gwanaye sukan kafa ido a kan ƙwallo ya daɗe bai motsa ba, marasa ƙwarewa kuwa idonsu yakan yi ta tsalle tsakanin ƙwallo da sanda da rami. Daga nan aka sami shawarar a kafa ido a bayan ƙwallo kamar daƙiƙa biyu zuwa uku kafin bugu, a kuma bar shi a wurin ɗan lokaci bayan ƙwallon ya tafi. Fargaba takan gajarta wannan kallo, mutum ya ɗaga kai yana ɗokin ganin sakamako tun sanda ba ta isa ba. Masu bincike a Jami'ar Exeter sun nuna a 2011 cewa ana iya koyar da wannan kallo, kuma waɗanda aka koya wa sun fi riƙe ƙwarewarsu a ƙarƙashin matsi.

Duk waɗannan sai an ɗinke su cikin tsari ɗaya da mutum zai riƙa bi kafin kowane bugu, ba ya ƙari ba ya ragi. Alal misali, ya tsaya bayan ƙwallo ya yanke shawarar sanda da inda zai nufa, ya ja numfashi ya sake shi a hankali, ya matso ya daidaita, ya dubi abin da ya nufa sau ɗaya, ya buga. Duk wani tunani da gardama a bayan ƙwallo ake gama su. Da zarar an matso, an rufe shawara. Amfanin tsarin shi ne yana mai da baƙon bugu ya zama sananne: filin ya sake, 'yan kallo sun sake, abin da ke kan bugun ya sake, amma waɗannan daƙiƙu goma sha biyar ɗin nan su ne na jiya da shekaranjiya. Idan wani abu ya katse shi, ko ƙuda ne, sai a ja baya a faro daga farko. Abin da Sanders bai yi ba ke nan.

Game da numfashi, ba camfi ba ne. Sa'ad da mutum yake fitar da numfashi bugun zuciyarsa yakan ɗan ragu, saboda aikin wata jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya, don haka fitarwar da ta fi shaƙa tsawo takan kwantar da jiki. Haka kuma yana da kyau a duba riƙo, domin tafin hannu ne wurin da fargaba ke fara sauka. Mutum yakan shaƙe sanda bai sani ba. Amma duban nan ma a bayan ƙwallo ake yinsa. Akwai magungunan hawan jini da ke rage bugun zuciya da rawar hannu, waɗanda hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta a gasar golf. Mai wasan nishaɗi da ya kai ga neman irinsu don tsoron dandamalin farko, lalle ya manta abin da ya kawo shi filin.

Hanyar da na fi ba muhimmanci ita ce sabo da ido. A cikin gwajin Beilock da Carr na 2001, waɗansu masu koyo an horar da su ne gaban na'urar ɗaukar hoto, aka gaya musu ƙwararru za su duba hoton. Da ranar matsi ta zo, waɗanda suka yi horo a ɓoye suka rikice, waɗannan kuwa ba su rikice ba. An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani kullum. Ashe wanda ake kallo kullum shi ma yakan raina ido. Kuskuren mai tsarguwa shi ne yakan nemi lokacin da babu kowa, ya laɓe a ƙarshen filin horo, yana cewa sai ya iya zai fito. Abin da yake koyo a can bugu ne na kaɗaici, wanda ba shi za a tambaye shi ba ranar wasa. Gara ya yi horo inda mutane ke wucewa, ya roƙi abokinsa ya tsaya a kansa, ya ɗora wa kansa sharaɗi, kamar ba zai tafi gida ba sai ya jefa goma a jere daga ƙafa uku. Wanda ya kai na tara ya san yadda hannu ke yi a na goma, kuma gara ya san shi a nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma gyaran tsammani. Ƙididdigar manyan wasannin Amurka ta nuna cewa daga nisan ƙafa takwas, ƙwararrun da ke cin abinci da wasan kusan rabin bugunsu ne ke faɗawa rami. Mai koyon da ke jin ya kunyata don ya kuskure irin wannan yana auna kansa da ma'aunin da babu mai cika shi. Wasan da kansa ya yi tanadi domin mai rauni, ta hanyar rangwamen bugu da ake ba kowa gwargwadon iyawarsa, wanda a tsarin duniya na 2020 yakan kai har 54. Ma'anarsa, an san da zaman wanda zai ƙara bugu uku a kan ƙa'idar kowane rami, an kuma ba shi wuri.

Inda shawara ba ta isa

Wajibi ne a ware wani ciwo da Turawa ke kira yips, watau fizgar da hannu kan yi da kansa a daidai lokacin gajeren bugu. Binciken asibitin Mayo a Amurka ya nuna cewa ga waɗansu fargaba ce tushensa, ga waɗansu kuwa matsala ce ta jijiyoyi irin wadda kan kama marubuta da makaɗa a yatsunsu, fargaba tana ƙara ta ne kawai. Irin wannan ba ya jin lallashi. Bernhard Langer na Jamus ya yi fama da shi sau da dama tun yana saurayi, kuma kowane karo sake riƙo ya yi domin ya ba hannun wata hanya sabuwa. Ya ci gasar Masters a 1985, ya sake cin ta a 1993 yana manne sandar a damtsen hannunsa na hagu da hannun dama, riƙon da duk wanda ya gani sai ya sake kallo. Da kallon mutane ya dame shi, da bai riƙe ta haka ba.

Misalin Rory McIlroy

A watan Afrilu na 2011, Rory McIlroy na Ailan ta Arewa, yana da shekara 21, ya shiga ranar ƙarshe ta gasar Masters a Augusta yana gaba da bugu huɗu. A rami na goma ƙwallonsa ya bugi itace ya faɗa kusa da waɗansu gidaje da ba a saba ganin ɗan wasa a wurin ba, ya yi bugu bakwai a ramin da ƙa'idarsa huɗu ce. Ya gama ranar da bugu 80, ya sauko na goma sha biyar, duniya na kallo. Bayan wata biyu ya ci gasar Open ta Amurka da ratar bugu takwas. Zuwa 2014 ya haɗa uku daga cikin manyan kofuna huɗu, saura Masters, wadda ya yi ta komawa nema shekara goma ana yi masa tambaya ɗaya kowace shekara.

A 2025, yana aiki da Bob Rotella, masanin halayyar 'yan wasa, ya sake shiga ranar ƙarshe yana gaba, wannan karo da bugu biyu. Wanda ya zaci shekaru goma sha huɗu sun kawar masa da fargaba, ramin farko ya ba shi amsa, domin nan take ya yi bugu shida ratar ta tafi. Ya farfaɗo ya yi nisa, sa'an nan a rami na 13 ya jefa wani gajeren bugu cikin rafi. A rami na 15 ya lanƙwasa ƙwallo ta gefen itatuwa ya haye ruwa ya sauke shi kusa da rami. A na 18 ya kuskure bugun ƙafa biyar da zai ba shi kofin, dole aka tafi raba gardama da Justin Rose. Suka koma dandamalin wannan rami na 18 da ya kuskure mintoci kaɗan da suka wuce. Bugunsa na biyu ya sauka kamar ƙafa huɗu daga ramin, ya mirgina na uku ya faɗa, ya zama mutum na shida a tarihi da ya haɗa manyan kofunan nan huɗu.